Akori-kurata da cuta biyu da suka zama ɗaya

 Kwana biyu kun ji ni shiru. Wani ɗan uwa direba ya tare ni a Hedbirij yana tambayar inda zai samu giyabos mai araha, wai motarsa tana fizga. Na ce ya dakata tukuna, domin ni ma na taɓa tsayawa inda yake tsaye. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya same ni a daminar 2023.

Motata akori-kura ce 'yar tokumbo, ƙirar shekara ta 2000, silinda shida, giya otomatik. Da ita nake ɗaukar albasa da wake daga Anacha zuwa Inugu, in dawo da manja. Ita ce gonata, ita ce shagona. A watan Agusta na shekarar ta fara wani hali. Idan na tsaya a cunkoson Upper Iweka, sai sulo ya riƙa hawa da sauka, sitiyari na karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci ta mutu. A kan hanya kuma giya ta rasa inda za ta zauna: ta shiga ta uku, ta dawo ta biyu da ƙarfi, gaf! kamar an daki motar ta baya. Ga shan mai, alhali tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayu lita ta haura naira 500.

Na kai ta wurin bakaniken da na saba da shi. Ya canja fulogi shida, ya wanke nozul. Babu canji. Ya canja fanfon mai. Babu canji. A zuwa na uku ya share hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, inji daban, giya daban. Giyarka ta tafi, sai ka shiga Mgbuka ka ɗauko Beljiyam." Wanda ya san Anacha ya san Mgbuka ta Obosi, inda babu ƙarfen motar da ba za ka samu ba. Na je na taya. Kuɗin da aka faɗa mini, in na biya, babu sauran jarin sayen albasa. Na kira yayana da ke Fatakwal, ya ce, "Kai dai ka cika taurin kai. Tun farko na ce maka otomatik ba motar kaya ba ce. Ka kawo ta Ikoku a mayar da ita manuwal, ka huta."

Ban ga laifinsa ba. Mu mun tashi ne da akori-kura Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. A waccan mota kafireta ce ke kula da sulo, kuloci da hannun direba ke kula da giya, babu ruwan wannan da wancan. Bakanike ya kara kunne, ya murɗa sukuru ɗaya, shi ke nan. Da wannan tunanin muke kallon motocin yanzu, kuma nan ne muke tafka asara.

Na ce bari in lallaɓa in kai kaya ɗaya kafin in yanke shawara. Na wuce Awka da Amansea lafiya. Na tsaya Garkin Ugwuoba na yi salla na ci abinci wurin mutanenmu. Daga Oji Riba zuwa Nain Mayil ne ta nuna mini iyakata, domin duk hawa sai ta yi ta neman giya. Da na iso gangaren Ugwu Onyeama, na ɗaga ƙafa daga totur, sai injin ya mutu. Kun san wurin, kun san tireloli nawa ya ci. Mota in ta mutu, birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka. Da ƙyar na raɓa gefe, da buhu ashirin a baya, magariba ta kawo jiki. Baƙo a ƙasar mutane ba ya son dare ya same shi a bakin hanya, wannan ba sai na yi muku bayani ba.

Washegari wani dattijo mai sayar da goro a Ama Hausa ya haɗa ni da wani matashi rewaya, ɗan ƙabilar Ibo, a Coal Camp. Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa sifana ba. Tambaya ya yi: wanne ya fara, sulo ko giya? Na ce tare suka zo, mako ɗaya. Ya ce to da wuya abu biyu su lalace rana ɗaya.

Ya bar injin ya yi zafi, yana aiki, ya zaro sandar man giya ya goga a farar takarda. Man ja ne, bai yi baƙi ba, ba ya ƙaurin ƙuna. Sai ya leƙa gaban sitiyari ya ga baƙin salatif da na manna a kan fitilar cek injin. Ni na manna shi da hannuna, shekara biyu da suka wuce, don hasken yana damuna da dare. Ya kalle ni, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ya jona 'yar na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket, kuma burenbos yana ajiye lambar duk ƙorafin da ya gani. Lamba biyu suka fito. P0171, ma'ana iska ta fi mai yawa a injin. P0121, ma'ana sensar totur tana ba da labarin da bai yi daidai ba.

Ta farko ba ta ba shi wahala ba. Ya riƙa fesa maganin wanke kafireta kaɗan-kaɗan a kan tiyoyin iska, yana sauraro. Da ya zo kan wani ƙaramin tiyo a bayan injin, sai sautin ya canja. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, yana zuƙar iskar da ba a auna ba.

Ta biyu ce ta buɗe mini ido. Sensar totur 'yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Ana ba ta wuta bolt 5, ita kuma ta mayar wa burenbos kusan rabin bolt idan ƙafa ba ta kan totur, ya yi ta hawa har wajen 4 idan an take. Ya sa mita, ya ce in kunna makulli kada in tada, in taka a hankali. Lambar ta fara hawa daidai, da ta zo wajen kwata sai ta faɗi, ta yi tsalle, ta dawo. Ya ce daidai nan ƙafata ta fi zama shekara da shekaru, nan ne cikin sensar ya cinye. Ya zare soket ɗinta, sai ga kore shar na tsatsa. Wannan ma aikina ne, domin duk Asabar sai na sa yara sun wanke injin da ruwan fanfo mai ƙarfi, ga laimar Anacha da ba ta barin komai ya bushe.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Giya otomatik irin wannan ba ta ganin hanya. Abu biyu take dogara da su kafin ta canja: gudun mota, da yawan takun totur. Injin ma da wannan sensar yake sanin ko an ɗaga ƙafa, don ya riƙe sulo. To idan ɗan aike ɗaya yana kai wa gida biyu ƙarya, dole gidajen biyu su rikice. Giyata lafiyarta ƙalau, umarnin banza take bi.

Kada wani ya ce na ce giya ba ta lalacewa. Tana lalacewa. Idan man ya yi baƙi yana ƙauri, ko injin yana ihu mota ba ta ƙara gudu, alhali sulo yana zaune lafiya, to ka fara tanadin kuɗi. Amma idan sulo da giya suka rikice tare, kada ka bari a kwance maka ko noti ɗaya sai an auna. Kuma kada a cire kan batir kafin a jona na'ura, domin hakan yana goge lambobin.

Mun canja sensa da tiyo, ya wanke soket da bakin totur da bawul ɗin sulo. Duka da kuɗin hannunsa bai kai na fanfon man da na saya a banza ba. Allurar ta zauna wajen 700 ba motsi. Na ɗora jarkokin manja na hau Ugwu Onyeama, ta sauka giya sau ɗaya, ta riƙe har sama.

Yayana har yau bai yarda ba, yana cewa sa'a ce kawai. Da safe idan na sa ribas takan ɗan yi jinkiri kafin ta kama, kuma na san wannan kam tsufa ne. Tsohon fanfon man yana nan cikin leda a bayan kujera, lafiyarsa lau, in akwai mai buƙata ya same ni a Hedbirij.