Naman da Baba Ya Iya Ci

Bara waccan, bayan an gama girbi, muka ɗauko mahaifina daga ƙauyenmu a ƙasar Kiyawa, ya zo ya zauna tare da mu a Dutse. Ƙarfinsa ya ragu, ba ya iya noma kuma, haƙoransa kuwa saura 'yan kaɗan a gaba. A gidanmu mukan ci abincin dare wuri guda, da ni da uwargida da yara 4, bisa tabarma a tsakar gida. Da fari Baba ya ƙi, gama bai saba cin abinci a gaban surukarsa ba. Sai da aka yi ta lallashi kana ya yarda, amma da kwanonsa dabam, can gefen tabarma.

Kowa ya sani albashin malamin makaranta ba ya sayen nama kullum. Mu ran Lahadi muke cin nama. Uwargida takan zaɓi tsoka mafi kyau ta sa a kwanon Baba. Shi kuwa da ya ci tuwo 'yar loma kaɗan, sai ya tsamo naman ya kira autarmu, ya ce, "Zo nan, amaryata, karɓi naki." Mu yi dariya, ita ta cinye. Wata da watanni ina tsammani wasan kaka da jika ne kawai.

Wani dare da farin wata na ɗaga ido, sai na ga Baba ya sa ɗan yanka a baki yana ta juya shi. Ya daɗe yana fama. Can sai ya kau da kai, ya fito da shi a tafin hannu, ya jefa wa kyanwa a ɓoye. Bai san na gani ba. Tuwon nan ban iya ƙarasa shi ba. Wannan mutum ne da yakan dawo daga kasuwa da tsire a aljihun riga sa'ad da muke yara, ya raba mana, shi ya lashe yatsa kaɗai. Ga shi yau a gidana yana kunyar a san ba ya iya taunawa.

Da muka shiga ɗaki na faɗa wa uwargida. Ta ce, "Malam, ai na daɗe da gani. Awa 2 nakan yi ina hura wa naman nan wuta, amma yana nan kamar takalmin taya." Ta riga ta gwada kanwa. Kanwa takan sa nama ya saki, gaskiya ne, amma takan ɓata ɗanɗano, in ta yi yawa kuma cikin tsoho ba ya ɗauka. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta jefa ƙwayar maganin ciwon kai a tukunya, wai haka wasu masu sayar da abinci suke yi. Ina roƙonku, masu karatu, kada kowa ya yi wannan. Magani ba kayan miya ba ne, likitoci kuwa sun sha yin gargaɗi a kan illarsa ga hanta.

Laifin ba na mai dafuwa ba ne. Shanunmu ba a ɗaki suke girma ba. Saniyar da aka kawo kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ta Shuwarin ran Litinin, ta yi shekaru tana yawon kiwo, wata ma daga ƙasar Nijar ta fito. Jikin da ya sha tafiya dole ya cika da jijiya. Ban da haka, mahauci yakan yanka da safe ya sayar kafin yamma, alhali a ƙasashen Turai akan rataye nama kwanaki a ɗakin sanyi don ya saki kafin a sayar. Mu kuma masu ƙaramin aljihu, wuya da kafaɗa da ƙauri muke saye, watau wuraren da suka fi kowane aiki a jikin dabba.

Ana nan sai ƙanwar uwargida ta zo mana hutu daga Jos. Da ta ji labari, a zuwanta na biyu ta kawo tsaraba iri 2: wata tukunyar lantarki mai nauyi, da 'yar kwalba ta baƙin ruwan tsami wanda ake kira balsamik. Tukunyar irin wadda wani kamfani a Amurka ya fara sayarwa a 1971 da sunan Crock-Pot ce. An yi ta ne domin mai zuwa aiki ya ɗora da safe, ya dawo da yamma ya tarar abinci ya nuna. Ba ta tafasa da ƙarfi, zafinta kaɗan-kaɗan ne, har awa 8. Ruwan tsamin kuwa daga garin Modena na ƙasar Italiya asalinsa yake. Ruwan 'ya'yan inabi ne ake dafawa har ya yi kauri, sa'an nan a zuba a gangunan katako. Na ainihin, sai ya yi aƙalla shekara 12 a ganga kafin a sayar, wani ma 25. Wanda aka kawo mana mai araha ne, na haɗi, amma da na ɗiga a harshe sai na ji abu 2 tare: tsami da zaƙi.

Lahadin farko muka yi sa'a, ba a ɗauke wuta ba yini guda. Da aka buɗe tukunya da magariba, cokali kaɗai aka sa naman ya rabu. Baba ya taɓa da yatsa, ya dube mu, ya sa a baki. Bai ce kome ba, amma ranar bai kira amaryarsa ba.

Mako na gaba muka ɗora da sassafe muka fita dukanmu. Ashe bayanmu kaɗan aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba. Muka komo da rana tsaka muka tarar da tukunya da ɗumi-ɗumi, nama ɗanye a ciki, ga zafin bazara. Naman da ya yi awoyi cikin ɗumi, bai dahu ba bai kuma yi sanyi ba, shi ne gidan cuta. Har ya soma canza wari. Dole muka zubar, naman mako guda ke nan. Da dare aka ci tuwo da miyar kuka gayanta. Baba ya ce, "Ku daina wahal da kanku, ni ban damu da nama ba." Maganar nan ta fi zubar da naman yi mini ciwo, domin na ga yadda ya ci a makon jiya.

Ni na yi fushi da masu wuta, uwargida kuwa tunani ta yi. Washegari ta ce, "Malam, me tukunyar nan take yi wanda ta ƙasa ba ta yi? Kakata takan ɗora ƙauri a kan garwashi da dare, ta rufe da toka, da asuba ƙashi ya fita da kansa." Na ce to, ruwan tsamin fa, ga kwalba ta kusa ƙarewa, kuma ba a samunsa a kasuwarmu? Ta ce, "Ba kai ka ce tsami da zaƙi ba ne? Kana zaune a Dutse kana neman zaƙi daga Italiya?" Ta nuna mini itacen dabinon da ke bayan katangarmu. Tsamiya kuwa ko yaushe akwai ta a ɗaki domin kunu. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa Dutse ta yi suna da dabino, amma ban taɓa kawo shi kusa da tukunyar nama a zuciyata ba.

Ga yadda muke yi yanzu, ko wata uwargida za ta so gwadawa. A sami nama kilo 1 na kafaɗa ko wuya, mai jijiya da ɗan kitse, a bar shi manyan gunduwa 3 ko 4. Kada a ce sai tsoka zalla, ita ce takan bushe. A shafa gishiri da masoro, a soya bayansa cikin ɗan man gyaɗa a kasko har ya yi ja. Wannan suyar ita ke kawo ƙanshi, kada a yi ƙyuyar ta. A jiƙa tsamiya kamar sili 4 a ruwan zafi kofi 2, a tace. A cire ƙwallon dabino 6, a jiƙa, a dame shi cikin ruwan tsamiyar. A shimfiɗa albasa 3 yankakku a gindin tukunyar ƙasa, a ɗora nama, a sa tafarnuwa da citta da kanumfari ƙwaya 3 da ɗan daddawa, a zuba ruwan ya kai rabin naman, kada ya shanye kansa. A rufe sosai, a ɗora dutse bisa murfi. Da ya tafasa sau ɗaya sai a janye itace, a bar garwashi, a yayyafa toka.

Daga nan sai haƙuri, awa 5 zuwa 6. Abin lura shi ne tukunya ta riƙa motsi a hankali, kumfa ɗaya-ɗaya, ba ta ɓararraka ba ta kuma mutu ba. Na yi ta tambayar kaina dalilin wannan, har na bincika. Wuta mai ƙarfi takan sa tsoka ta ƙanƙance ta matse ruwanta, shi ya sa naman uwargida na awa 2 ya zama roba. Jijiya da farar yanar nan ta cikin nama kuwa lokaci suke so. In sun daɗe cikin zafi da laima sai su narke su zama danƙo, irin wanda kuke gani a romon ƙauri in ya kwana ya daskare. Danƙon nan shi ke sa nama ya yi laushi a baki. Tsami yana taimakawa kaɗan, yana kuma kashe ginsar kitse, amma a ganina babban aikin na lokaci ne. In an cika tsamiya ma sai ta danne kome, mun yi wannan kuskure sau ɗaya, yara suka ce kunun nama aka yi musu.

Zan faɗi gaskiya, ɗanɗanonsa bai zama ɗaya da na balsamik ba. Na tsamiya ya fi kaifi, romon kuma bai kai wancan baƙi ba. Amma da shinkafa ko waina ko tuwon masara, ba wanda ya taɓa tambayar ina kwalba. Tukunyar lantarkin tana nan bisa kabad, uwargida tana ajiye zare da allura a ciki.

Wani abin da ban zata ba shi ne, aikin ya sami mai shi. Mukan ɗora da mun dawo gida ran Lahadi wajen ƙarfe 12. Wa zai zauna gadin garwashi har magariba? Baba ya ce shi ne. Yakan jawo tabarmarsa inuwar kusa da murhu, da mafici da 'yar sanda. Yakan kasa kunne ga tukunya, in ya ji ta yi shiru ya ƙara gawayi 2, in ta cika surutu ya tura toka. Ba ya yarda kowa ya buɗe murfi. Ran nan na miƙa hannu zan leƙa, ya buge ni da mafici a gaban 'ya'yana, ya ce, "Kai, tafi ka duba littattafan yaranka, nan ba ajinka ba ne." Kwanonsa ma ya matso tsakiyar tabarma, gama yanzu shi ke raba naman.

Mutum ɗaya ce kaɗai ba ta ji daɗin wannan sauyi ba. Lahadin da ta wuce autarmu ta gama nata, ta je ta tsaya a gaban kakanta tana kallon kwanonsa. Ya yi kamar bai gan ta ba. Ta ce, "Kaka, ina nawa?" Ya tsame yanka na ƙarshe, ya raba biyu da yatsa, ya ba ta ƙaramin. Ta ce in haka ne ita ta fasa auren.