Makon da Na Fara Shiga Fage

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Bayan la'asar ina kan keke ina haɗa wuyan wani kaftani, sai ga wani abokin cinikina ya shigo shago. Shi ne babban abokin ango a wani biki da za a yi a Gwammaja ranar Asabar. Mawaƙin da suka fara nema ya yanka musu kuɗin da ya fi sadakin amarya, shi ne ya tuna da ni. Muka yi ciniki a kan naira 25,000, ya ba ni 15,000 kafin alƙalami. Na karɓa da hannu biyu ina murmushi, cikina kuwa yana ƙugi. Waƙoƙina biyu ne kacal a duniya, duka a wani sitidiyo da ke Titin Gidan Zoo na yi su, kuma in ka cire yaran shago da ƙannena, ban taɓa buɗe baki a gaban mutum goma ba. Watan Rajab ne, kowa na sauri ya kai amarya kafin azumi. Da ba don haka ba, wa zai neme ni?

Litinin, 6 ga Janairu

Umma na fara gaya wa, ita ta kai maganar gaban mahaifina bayan sallar isha'i. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "A gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Na sunkuyar da kai. A zuci ina cewa ai Shata ma bai gada ba, mahaifinsa bai so ba, da tallan goro da alewa ya fara a Musawa, a dandali ya koyi waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma wannan ba maganar da ɗa zai mayar wa uba ba ce. Umma ce ta ce, "Malam, a bar shi ya gwada, tun da ba ɓoyewa ya yi ba." Ya gindaya sharuɗɗa uku: ba zambo, ba kaiwa dare, kuma duk ranar da keken ɗinki ya yi ƙura, waƙa ta ƙare. Na ce na ji na amince.

Talata, 7 ga Janairu

Da safe na je sitidiyo a cire mini kiɗa zalla babu murya. Mai fiyano ya yi dariya ya ce me zai sa in wahalar da kaina, in sa waƙar yadda take in riƙa motsa baki, ai mamin kowa ke yi yanzu. Na biya 7,000 na karɓi duka biyun a filashi, don ban yarda da kaina ba.

Da yamma wani mahauci maƙwabcinmu ya kai ni wajen wani dattijo mai kalangu da ake kira Baba, a kusa da kwata. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, kuma shi wannan tsoho ya haura shekara arba'in yana yi musu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Yaro, yi mu ji." Na ɗauko waƙata ta farko. Kafin in kai ƙarshen baiti na biyu numfashi ya ƙare mini, na tsaya ina haki kamar wanda ya ture mota. Sai yanzu na gane abin da sitidiyo ya ɓoye mini: layi-layi nake yi, in huta, in sha ruwa, a goge inda na kauce, kwamfuta ta miƙe inda murya ta karkace. Baba ya ce, "Wa zai amsa maka?" Na ce ni kaɗai ne. Ya ce, "To a ina za ka yi numfashi? Amshi ba ado ba ne. Lokacin da yara ke amshi, lokacin ne mawaƙi ke shan iska, yana duba taro, yana ƙulla abin da zai faɗa a gaba."

Laraba, 8 ga Janairu

Na ɗauki yaran shago biyu su zama 'yan amshi. Ɗaya muryarsa kamar ta ɗan akuya, amma ba ya sakin kari, kuma Baba ya ce wannan ya fi daɗin murya amfani. Muka yi gwaji a zaurensa daga azahar zuwa magariba. Na zuba ido ina kallon yadda yake matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau, ya sassauta ya sauka. Da haka kalangu ke bin hawa da saukar maganar Hausa. Ya kaɗa wani abu ya ce in faɗi abin da ya ce. Sau uku yana maimaitawa kafin in ji sunana ne da na unguwarmu. Tsigar jikina ta tashi.

Hunturu ya sa ni gaba, maƙogwaro ya bushe. Umma ta dafa mini citta da kanumfari ta zuba zuma, ta hana ni ruwan sanyi. Ba ta ce komai a kan waƙar ba, amma na ga ta ɗauko babbar rigata ta sallah ta ba mai guga.

Alhamis, 9 ga Janairu

Baba ya ce in rufe shago da wuri in raka shi gidan dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Ya ce kada in kalli 'yan damben, in kalli mawaƙin. Ga 'yan Kudu, ga 'yan Arewa, ga Guramada, kowa da ɓangarensa. Mawaƙin muryarsa a dishe take, da a sitidiyo ne da an sallame shi. Amma idonsa na kan ɗan damben da ke naɗa zare a hannu. Ya ambaci garinsu, bai motsa ba. Ya ambaci ubangidansa, ya ɗago kai. Da ya ambaci wanda ya kayar bara, sai ga mutum ya zabura yana tsuma, ya faɗa fili yana kirari. Nan mawaƙin ya tsaya, ya yi ta nanata wannan gurbi, masu kuɗi suka taso.

A hanya Baba ya ce haka Ɗan Anace ya yi da Shago. Ya ce Barmani Choge da ƙwarya kawai ta riƙe matan ƙasar Hausa har ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos kuma shi kaɗai da kuntiginsa, don sun san abin da ke cin ran wanda ke gabansu. "Kai waƙarka kake so a ji," in ji shi. "Su kuwa kansu suke so su ji a bakinka."

Juma'a, 10 ga Janairu

Abokin ango ya turo sunaye 23 ta WhatsApp. Na kwafe su a bayan takardar awo, ina taka keke ina haddacewa. Baba ya tambaye ni, wace ce wannan, me ke tsakaninta da waccan? Na ce ban sani ba. Ya ce in je in tambaya. Ban je ba, ɗinkin anko ya sha mini kai har sha ɗayan dare.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙarfe huɗu muka isa a A Daidaita Sahu biyu. An kafa rumfa a ƙofar gida, mata sun cika kujeru, anko kala uku. Sanƙiran Baba tun azahar ya riga mu zuwa, na hango shi a bakin tukwane yana raha da masu tuƙin tuwo. A raina na ce cin abinci ya kawo shi.

Na ba mai lasifika filashi, na ce ya sa mai muryar. Tsoro ne ya sa ni. Minti uku ina motsa baki, mata na hirarsu, ana rabon lemo, wata yarinya ma ta ratsa ta gabana da faranti. Ko kallo ban ishe su ba. Waƙar da suke jira irin su Jaruma ce ta Hamisu Breaker, wadda suka sani tun 2020. Tawa kuwa baƙuwa ce, ni ma baƙo. Baba ya matso ya ce a kunnena, "Kashe wannan abin." Aka kashe. Ya ɗora makaɗi a kan fata, yara suka ɗauki amshi, na shiga da muryata tana rawa.

Da na kira sunan ƙawar amarya ta farko, sai aka rangaɗa guɗa. Ta taso tana taku, ƙawaye suka biyo ta. An ajiye faranti a gabana, a ciki ake zuba kuɗi, don tun 2024 da hukumar EFCC ta tsananta kama masu watsa naira a biki mutane suka shiga taitayinsu. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000. Na ga faranti na cika, kaina ya fara girma.

Sai na iso kan sunan mahaifiyar amarya. Na ɗaga murya, na kira ta uwar biki, na ce ita ta yi tarbiyya, ita ta sha wahala. Guɗa ta ɗauke. Wata mata a can baya ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. A sahun gaba kuma wata dattijuwa mai farin leshi ta ajiye jakarta a cinya ta kau da kai. Ashe amarya 'yar fari ce, mahaifiyarta ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, kuma tun daga yaye gwaggonta ce ta ɗauke ta ta riƙe. Na kunyata ɗaya, na tauye ɗaya, da baiti guda.

Yara suka ci gaba da amshi, Allah Ya yi musu albarka, sau huɗu suna juyawa ni kuwa bakina ya mutu. Sanƙira ya karɓi makirfo ya ce, "Yaro ne, Hajiya, yau ya fara! Ai ya ajiye babban ne sai ƙarshe!" Ya jero asalinta: garin kakanninta, zuwanta Makka sau biyu, 'ya'yan riƙo biyar da ta aurar. Duk a bakin tukwane ya samo su. Yana faɗa ina ɗauka ina sa wa a kari, ban san daga inda kalmomin ke fitowa ba. Hajiya ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta miƙe, ta tako a hankali, ta sa 'yan dubu-dubu biyar a faranti, ta ce, "Gobe ka riƙa tambaya, ɗan nan." Na durƙusa na ce, "Na tuba, ranki ya daɗe."

Ana kiran magariba muka tashi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Muka baje kuɗi a tabarmar zauren Baba, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar duk sun sha turare. Abin da aka zuba 38,400 ne, da kuɗin ciniki ya zama 63,400. Baba 15,000, sanƙira 10,000, yara 5,000 kowanne, mai lasifika 3,000. Na cire na sitidiyo, da 6,000 na abin hawa a mako, da 2,000 na zuma da citta. Ya rage mini 10,400, abin da zan samu a kaftani biyu ba tare da gumi ya jiƙa mini babbar riga ba. Na so in ƙara wa sanƙira daga nawa, ya ce in riƙe, in na yi suna in tuna da shi.

Na kai wa mahaifina 5,000. Bai taɓa ba, ya ce a ba Umma ta yi cefane. Ya tambaya ko na zagi wani. Na ce a'a, amma na yi kuskure na ba da haƙuri. Ya ce, "To."

Litinin, 13 ga Janairu

Murya ta dishe, da hannu nake yi wa masu kawo ɗinki bayani. Wajen azahar wata mata ta kira, ta ce tana wajen bikin, gwaggon amarya ce ta ba ta lambata. Suna da suna ranar Alhamis a Kurna. Ta ce nawa zan karɓa. Na jawo takardar awo da biro, na ce, "Hajiya, za mu zo kan kuɗi. Mai jegon, haihuwar fari ce? Kuma a hannun wa ta tashi?"