Inabin Elazig da Diyarbakir da Abincin da Ke Raka Shi

Gabashin Turkiyya ƙasa ce ta tsaunuka da tumaki. Daga can manyan kogunan nan biyu, Furat da Dijla, suke farowa kafin su gangara Iraƙi, kuma mutanen yankin sun gaji noman inabi kaka da kakanni. Baƙin inabi iri biyu ne suka fi yin suna: Okuzgozu na lardin Elazig, da Bogazkere na Diyarbakir.

Halinsu ya sha bamban. Elazig kan tudu take, darenta da sanyi, ga tafkin madatsar ruwa ta Keban da aka kammala a 1974 yana sassauta yanayin. Inabinta manyan ƙwayoyi ne masu ruwa, da ɗan tsami mai daɗi. Diyarbakir kuwa zafinta kan haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta, shi ya sa nata inabin ƙanana ne masu kaurin ɓawo. Giyar da ake yi da shi bauri gare ta mai kama maƙogwaro, kamar wanda ya tauna farin goro bai sha ruwa ba. Saboda haka ake gauraya su, ɗaya ya kawo taushi, ɗaya ya kawo ƙarfi. Kamfanin gwamnati mai suna Tekel ya fara sayar da wannan haɗi a 1944 da sunan Buzbağ, daga masana'antarsa ta Elazig. An sayar wa 'yan kasuwa sashen barasa na Tekel a 2004, amma har gobe ana yin giyar.

Wanda ya ga teburin mutanen Diyarbakir zai gane amfanin wannan bauri. Girkinsu ba ya wasa da kitse. Babban abincin biki shi ne kaburga dolmasi: haƙarƙarin rago a cusa masa shinkafa da kayan ƙamshi, a ɗinke, a bar shi kan wuta sa'o'i da dama har naman ya saki ƙashi. Akwai meftune, dafaffen naman rago da gauta da tafarnuwa, wanda ake tsamama shi da wani jan ɗan itace da ake kira sumak. Sannan ga tsiren hanta da ake jerawa da kitsen wutsiyar tunkiya, abin da mutanen garin ba sa jin nauyin karya kumallo da shi tun da sassafe. Masu shan giya a Turkiyya sun ce irin wannan nama ne kaɗai ke iya wa Bogazkere, domin maiƙo yana kashe baurinta, ita kuma tana wanke maiƙon daga baki. Okuzgozu ba ta da wannan rigima. Da ƙwallon nama da alkama irin na Harput, tsohon garin da ke saman Elazig, ko gasasshen gauta, ta wadatar.

To, kada mai karatu ya ɗauka kowa da kwalba a gida. Yawancin jama'ar yankin Musulmi ne, kuma a da Armeniyawa da Suryaniyawa Kiristoci ne suka riƙe sana'ar giya. Bayan kashe-kashe da korar Armeniyawa a 1915 sana'ar ta durƙushe, sai 'yan tsirarun Suryaniyawa a Mardin da Midyat da suka ci gaba. A yau Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi yawan gonakin inabi a duniya, amma abin da ke zama giya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Dokar 2013 ma ta hana tallata barasa, ta kuma hana shaguna sayar da ita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Ragowar inabin fa? Ana cin sa ɗanye, ana busar da shi, ana dafa ruwansa har ya yi kauri ya zama pekmez da ake lasa da burodi. A Elazig har zare ake jera wa ƙwayar goron Turawa, a riƙa tsoma shi cikin kunun inabi ana shanyawa, ya zama alewar da suke kira orcik, guzurin lokacin sanyi. Baƙon da ya zauna cin haƙarƙarin nan a Diyarbakir kuma, abin da galibi za a ajiye masa a gefe shi ne kofin ayran, wato nono da aka dama da ruwa da gishiri.