Ɗaki na Talatin da Shida

A gidan kallon unguwarmu muka fara ganin The 36th Chamber of Shaolin, muna cushe a kan benci, kaset ɗin ya tsufa har hoton yana rawa. Fim ɗin Hong Kong ne na 1978 daga kamfanin Shaw Brothers, Lau Kar-leung ya ba da umarni. Faɗa muka biya kuɗi mu gani, sai ga jarumin, Gordon Liu a matsayin San Te, yana jidar ruwa a bokitai, an ɗaure masa wuƙaƙe a damatsa, hannu na saukowa su soke shi. Muka yi ta tsaki.

Sai da muka girma, muka fara kwana a gaban kwamfuta muna neman kuskure ɗaya a cikin manhaja, sannan muka gane wahalar ɗakunan horon nan talatin da biyar.

Amma ƙarshen ne ke damunmu yanzu. Da San Te ya kammala, aka ce ya zaɓi ɗakin da zai shugabanta. Ya roƙi a buɗe na talatin da shida, inda za a koya wa talakawa kare kansu daga zaluncin sarakunan Manchu. Sunan ɗakin ya kai har Amurka, mawaƙan Wu-Tang Clan suka sa shi a kundinsu na farko a 1993.

Mu kuwa ƙannenmu na ta turo saƙo: “Yaya, yaushe za ka koya mini?” Shekara biyu ke nan muna cewa sai mun sami lokaci.