Turaren da ke gudu kafin azahar

Salla ta matso, masu turare sun baza kaya. Mu dai mun saba: a shinshina murfin kwalba, a biya jikka biyar, a wuce. To, ƙamshin nan na farko galibi na lemu ne, a zafin Damagaram da wuya ya kai rabin awa. Bayansa furanni ke fitowa, wardi ko yasmin. Wanda ke kwana a riga kuwa na ƙasa ne: sandal, miski, oud. Shi oud ƙaro ne da wani icen Asiya ke yi in cuta ta kama shi, shi ya sa na gaske ke da tsada. Na dala ɗari da ake miƙo mana a tasha, haɗin masana'anta ne.

Iyayenmu mata masu haɗa humra da turaren wuta sun daɗe da sanin wannan. Farce, sandal, kajiji, duka masu nauyi ne, rana ba ta korarsu da wuri.

Ku karanta kwalba kuma: "eau de toilette" ya fi "eau de parfum" yawan alkol. Ku shafa a wuyan hannu, ku zaga kasuwa awa guda, sannan ku komo ku yi ciniki.