Amanar Furen Dattijuwa

A watan Disambar 2010, lokacin da nake karatun digirin digirgir a birnin Lidis na ƙasar Ingila, aka yi wani sanyi da hukumar yanayi ta Birtaniya ta ce ba a taɓa ganin Disamba irinsa ba tun da ta fara ajiye lissafi a 1910. A watan ne dattijuwar da nake haya a gidanta ta zame a kan ƙanƙara ta karye, aka kwantar da ita a asibiti. Da na je dubiya, abu ɗaya ta roƙe ni: "Ɗana, ka kula mini da kilematis ɗina."

Kilematis fure ne mai yaɗo, yana hawa bango kamar yadda ƙwarya ke hawa danga. Biyu gare ta: ɗaya a ƙasa gindin katanga, ɗaya a cikin babban kaskon yumɓu da marigayi mijinta ya dasa da hannunsa. Dukansu irin da ake kira Jakmani ne, mai fure shuɗi da ratsin ja, wanda aka samar a garin Wokin tun ƙarni na 19.

Na amsa da "to", ban tambayi komai ba. Ni ɗan manomi ne, na taso ina ban ruwa a lambu. A wajenmu, abokin gābar shuka a lokacin hunturu shi ne bushewa. Da na ga ganyen ya zube, karan ya ƙeƙashe, sai na ce ƙishirwa ce. Kullum da yamma in na dawo daga ɗakin karatu sai in kwarara wa kaskon ruwa.

Ban cika mako biyu ba, wata safiya na tarar kaskon ya tsage gida biyu, ƙasar cikinsa ta zama dutse.

Wani maƙwabci ne ya yi mini bayani. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi. Shi ya fasa kaskon, shi ya lalata saiwar. Zubar ganyen kuwa barci ne, ba mutuwa ba. Ya ce abin tsarewa shi ne saiwa: a lulluɓe gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita biyar zuwa takwas, a naɗe kasko da buhun algarara, a ɗora shi kan bulo domin ruwa ya tsiyaye, a matsar da shi jikin bango. Na ƙasa ya fi samun sauƙi, domin ƙasa na riƙe ɗumi, amma na kasko sanyi ta ko'ina yake shigarsa. Tare muka lulluɓe wanda ya rage. A Fabrairu muka datse shi, muka bar kamar santimita talatin, kuma da bazararsu ta shigo ya yi toho.

Ranar da aka sallamo ta, na faɗa mata gaskiya. Ta daɗe tana kallon gurbin kaskon, sannan ta ce, "Da ka tambaye ni." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ba sakaci ne ya kashe furen nan ba, ƙwazo ne da sanin da aka kai inda ba muhallinsa ba. Yau da nake koyarwa, nakan tuna da shi duk sa'ad da na ji ɗayanmu ya dawo daga waje yana shirin gyara wa manomin ƙauye aikinsa ba tare da ya zauna ya saurare shi ba. Kuskuren ɗaya ne, alƙiblar ce ta juya. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina masu fita bincike: kafin ku ɗauki bokiti, ku tambayi mai lambu. Matambayi ba ya ɓata.