Tsohon Ƙarfe da Sabon Ƙarfe a Nisan Mita 50

A ranar 3 ga Agusta, 2012, a filin harbi na Woolwich da ke Landan, wani ɗan ƙasar Belarus mai shekara 44, Sergei Martynov, ya kwanta rub-da-ciki ya harba harsashi 60 a nisan mita 50, kowannensu ya faɗa da'irar maki goma. Ya ƙara harbi goma a zagayen ƙarshe, ya tashi da maki 705.5, da zinaren Olamfik, da bajintar da ba a taɓa yi ba a duniya. Amma abin da 'yan jarida suka fi riƙewa a ranar shi ne kayan aikinsa: bindiga mai shekara 13, da harsasan da aka ƙera tun 1985, zamanin Tarayyar Sobiyet.

Labarin ya zama hujja a bakin dattawan ƙungiyoyin harbi na Ingila da Amurka, masu ra'ayin da tsohuwar zuma ake magani. Wanda gardamar ta fi shafa kuwa shi ne matashin da ya shiga ƙungiya, aka ba shi aron tsohuwar bindiga daga ma'ajiya, ya yi shekara biyu yana ci gaba, sai makinsa ya tsaya cik. A gefensa akwai mai sabuwar Walther ko Bleiker, wadda kuɗinta ya kai dubban yuro, alhali irin tasa ana samunta a 'yan ɗaruruwan fam. Tambayar da ke hana shi barci ita ce ko ƙarfen ne ya gaza, ko kuwa shi. Idan ya amsa ba daidai ba, ko dai ya zubar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ko ya ci gaba da zargin hannunsa a kan laifin da ba nasa ba.

Ba za a fahimci gardamar ba sai an fara da harsashin, domin tsohuwar bindigar da sabuwar abinci ɗaya suke ci. Sunansa .22 Long Rifle, kuma kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887. A yawancin harsasai, sinadarin da ke kunna albarushi yana zaune ne cikin wata 'yar hula a tsakiyar gindin kwanso. A wannan kuwa ana zuba shi yana jiƙe a cikin kwanson, a rarraba shi ya shige lungun leɓen gindin, ya bushe a can. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta daki leɓen ta matse shi, sai wuta ta kama. Dabara ce mai araha, amma tana da aibi tun asali: da wuya sinadarin ya kwanta daidai wa daida a duk kewayen leɓen, don haka wutar wannan harsashi ba ta zama irin ta wancan sak. Kan harsashin dalma ce mai taushi, nauyinta giram 2.6, an shafe ta da kitse ko kakin zuma daga waje. Tsagin da ke cikin bututun bindiga yana murɗa ta sau ɗaya a kowane santimita 40 ko kusa da haka, kuma wannan ma'auni bai sauya sosai ba tun ƙarni na 19.

Harsashin gasa yana fita da gudun kusan mita 325 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti da gangan, don kada ya girgiza wajen ƙetare wannan iyaka. Da wannan sanyin gudu, kafin ya kai mita 50 ya riga ya faɗo da kusan santimita 12 daga layin bututu. Lissafi ya nuna cewa idan gudun harsashi biyu ya bambanta da kashi 1 cikin 100, wato mita 3 a daƙiƙa, ɗaya zai huda allo sama da ɗayan da fiye da milimita 2. Iskar da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, wadda da ƙyar take motsa ganye, tana ture shi gefe da kusan rabin santimita. Duk wannan kafin a zo maganar wane ne ya ƙera bindigar, ko a wace shekara.

Tsofaffin da ake kewa ba ƙananan abubuwa ba ne. Winchester 52 ta shiga kasuwa a 1920, ta mamaye gasannin Amurka shekaru da dama, aka ci gaba da ƙera ta har 1980. Remington ta fito da 37 a 1937, sannan 40X a 1955. A Birmingham, kamfanin BSA ya fito da Martini International a 1950, mai hannun da ake dannawa ƙasa sai toshiyar bayan bututu ta sunkuya a cusa harsashi. Sai Anschütz, kamfanin da ya tashi daga Zella-Mehlis ya sake kafuwa a Ulm bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fito da tsarin Match 54 a 1954. Wannan na ƙarshe ma yana rikita rabe-raben tsoho da sabo, domin har yau kamfanin na sayar da bindigogin da aka gina a kan wannan tushe. An yi waɗannan bututu da injinan da ba su san kwamfuta ba, amma an goge cikinsu da haƙuri, an bar bakinsu da ɗan matsi don ya riƙe dalmar sosai a gaɓar fita, kuma masu ƙira na yau ba su sami dalilin watsi da wannan dabara ba.

Hanyar adalci ta kwatanta su ita ce a cire ɗan Adam daga ciki. Kamfanonin harsashi, irin su Eley na Ingila da Lapua, suna da ɗakunan gwaji inda ake damƙe bindiga a jikin ƙarfe mai nauyi, a rufaffen wuri marar iska, a yi ta harbi ana auna faɗin gungun hudojin. Abin da masu zuwa waɗannan ɗakuna suka sani shi ne bindiga ɗaya tana iya tara hudoji wuri guda da wani zubin harsashi, ta watsa su da wani zubin, alhali suna ɗaya ne a jikin kwalin, farashi ɗaya, masana'anta ɗaya. Tenex ɗin da Eley ke yi tun 1951 yana fitowa ne zubi-zubi, kowanne da lambarsa, kuma zubin da ya dace da wannan bututu yana iya ƙin wancan. Shi ya sa manyan 'yan wasa ke ɗaukar bindigarsu su yi tafiya, su gwada zubi da yawa, su sayi dubban harsasai daga wanda ya ci. Riƙon da Martynov ya yi wa harsasan 1985 yana da ma'ana ta wannan fuska: wanda ya sami zubin da ya yi wa bututunsa daidai ba ya sakinsa.

Wannan ya rushe yawancin kwatancen da ake yi a filin ƙungiya ranar Asabar. Mutum ya zo da Winchester 52 da sabuwar bindiga, ya harba biyar-biyar daga kwali ɗaya, ya ɗauki hoton gungun da ya fi matsewa, ya yanke hukunci. Abin da ya gwada shi ne dacewar kwalin nan da bututu biyu a wannan yini. Harbi biyar kuma ba ya isa shaida: bindiga ɗaya da zubi ɗaya tana iya ba da gungun da ya ninka na gabansa faɗi, ba tare da komai ya sauya ba. Sai an tara harbi 40 ko 50, an ƙirga har da waɗanda suka bauɗe, kafin magana ta fara nauyi. Masu son tsoho da masu son sabo duk suna da halin kiran harsashin da ya bauɗe laifin iska.

Akwai kuma wata yaudara da ta fi wannan laushi. Tsofaffin bindigogin da ake gani a layin harbi yau su ne waɗanda suka tsira. Wadda ta fito masana'anta da bututu marar kyau a 1958 an daɗe da jingine ta a bayan kabad, ko an sauya mata bututu, ko an sayar wa mai harbin zomo. Wadda ta rage a hannun 'yan gasa shekara sittin an tace ta ne ta hannun masu ita ɗaya bayan ɗaya. Kwatanta ta da sabuwar da aka ciro daga kwali jiya tamkar kwatanta zakaran da aka zaɓa ne da duk wanda aka kama a akurki. Wasu ma da ake yabo a matsayin tsofaffi, idan aka bincika, bututunsu na shekarun baya-bayan nan ne, suna kawai ya rage na da.

Duk da haka gaskiya tana tare da dattawan a wani babban ɓangare. Dalma mai taushi da ɗan albarushi ba sa cinye ƙarfe da sauri, don haka bututun .22 yana ɗaukar dubun-dubatar harbi. Abin da ke kashe shi galibi sakaci ne: sandar sharewa da ake cusawa a karkace ta cinye bakin bututu, jan kunama babu harsashi har allura ta lotsa gefen ɗakin harsashi, tsatsar da sinadaran da ake amfani da su kafin ƙarshen shekarun 1920 suka bari. Wani lokaci ma ciwon bai wuce sifirin da ke tura allura ya gaji ba, yana dukan leɓen kwanso yau da ƙarfi gobe da sanyi, wuta na kamawa yadda ta ga dama. A sauya shi da 'yan kuɗi kaɗan, sai tsohuwa ta farfaɗo. Tsohuwar bindigar gasa da aka kula da ita, aka nemo mata zubinta, tana iya zuba harbi 60 cikin da'irar goma.

Matsalar ita ce goma ta daina isa. A 1989 aka rage faɗin da'irar goma ta allon mita 50 daga milimita 12.4 zuwa 10.4. Da yake ana ba da maki idan gefen huda ya taɓa layi, kuma faɗin harsashin milimita 5.6 ne, tsakiyar huda na iya kaucewa da milimita 8 daga cibiya a sami goma. Daga 2013 kuma, a gasar kwance, aka koma ƙirga kowane harbi da ɗigo tun daga zagayen farko, daga 10.0 zuwa 10.9. Milimita 8 ɗin nan aka raba gida goma, kowane ɗigo milimita 0.8. Bindigar da hudojinta ke nesa da cibiya da milimita 0.8 fiye da na wata, a matsakaici, za ta yi asarar maki 6 a harbi 60. Ido ba zai ga bambancin a takarda ba, amma a gasar duniya maki 6 babbar tazara ce. A wannan mataki, ɗan abin da sabuwar ƙira ta ƙara yana da farashi, kuma masu biyansa ba wawaye ba ne.

Abin da ta ƙara ɗin, mafi yawansa ba a cikin bututu yake ba. Injinan zamani sun rage saɓani tsakanin bindiga da 'yar uwarta, ta yadda mai saye ba ya cacar da kakansa ya yi. Bleiker da Grünig & Elmiger na Suwizalan, da KK500 ta Walther, sun matso da wurin cusa harsashi kusa da fuskar mai harbi, don ya sa sabo ba tare da ya ɗaga gwiwar hannu ya ɓata kwanciyarsa ba. An gajarta lokacin da ke tsakanin jan kunama da tashin wuta, wanda a harbin tsaye, inda bindiga ba ta daina lilo, yake da tasiri. Ƙotar alminiyam tana da kusoshin da ke daidaita madafar kunci da ta kafaɗa da milimita, inda ƙotar katako ta da sai dai a fere ta ko a liƙa mata kwali. Waɗannan duka suna ɓacewa da zarar an damƙe bindiga a ƙarfen gwaji, suna bayyana ne bayan mutum ya yi awa guda a kwance wuyansa ya fara ƙagewa.

To matashin nan na ƙungiya, wanda har yanzu yakan jefa tara sau goma ko fiye a harbi 60, tazararsa da cibiya ta wuce abin da sabon ƙarfe zai gyara. Abin da ya fi masa shi ne ya ba wanda ya fi shi hannu ya harba bindigar, ya sa maƙerin bindiga ya duba bakin bututu da sifirin allura, ya gwada zubi uku ko huɗu na harsashi mai kyau, ya kashe sauran kuɗin a koyon karanta tutocin iska. Idan ƙotar ba ta zauna masa ba, wannan dalili ne na gaskiya na sauyawa, kuma sau da yawa ana iya ɗora tsohon ƙarfen Anschütz a kan sabuwar ƙota.

Barazanar da ke kan tsofaffin ta fi zuwa ta wajen kayan gyara. Winchester ta daina ƙera 52 fiye da shekara arba'in, BSA ma ta bar Martini International tun shekarun 1980. Idan allura ta karye mako guda kafin gasa, mai Walther zai aika saƙo a kawo masa wata, mai BSA kuwa sai ya bi dattawan ƙungiya yana tambayar wanda ke da matacciyar bindiga a gida da za a cire wa, ko ya nemi maƙerin da zai feƙe masa sabuwa daga ɗanyen ƙarfe.